Idan jirgin ruwa ya shiga halin ni-'yasu a teku, wa ke bincike, kuma me ake bincikawa?

Ɗalibar Shari'a:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana dokar teku da ke wannan zaure ce. Jirgin dakon mai Prestige ya nutse kusa da Sifaniya a 2002. Ƙasar Bahamas ta fitar da rahoto a kansa, Sifaniya ta yi nata binciken, kotu kuma ta haura shekara goma kafin ta yanke hukunci, sannan abin da wannan ya faɗa bai zo daidai da na wancan ba. Jirgi ɗaya, hatsari ɗaya, me ya kawo Bahamas cikin maganar da ta faru a Turai? Wa doka ta ɗora wa binciken? Me masu binciken ke fara nema idan sun isa? Allah ya ƙara basira.

Lauyan Ruwa:

Wa alaikumus salam. Malama, ruɗanin ya taso ne daga ɗaukar abin a matsayin bincike ɗaya, alhali uku ne, kowanne da tambayar da yake nema wa amsa.

Akwai binciken kariya, wanda ba mai laifi yake nema ba. Abin da ya dame shi shi ne me ya faru, me ya jawo, me za a gyara don kada a maimaita. Akwai na hukunci, wato na 'yan sanda da mai gabatar da ƙara, ko na hukumar da ke da ikon ƙwace wa kyaftin lasisi. Sai na kuɗi, inda kamfanin inshora da masu kaya da kamfanin ceto kowa zai turo lauyansa da mai duba masa ɓarna. Su ukun a kan jirgi ɗaya suke haɗuwa, shaidu ɗaya suke so, amma doka ta so a raba na farko da sauran biyun. Dalilin a fili yake: matuƙin da ya san maganarsa za ta kai shi kurkuku ba zai ce barci ya ɗauke shi a bakin aiki ba, kuma idan bai faɗa ba, ba za a gano cewa kamfani na sa mutane aikin da ya fi ƙarfinsu ba.

Batun Bahamas kuwa, a doka jirgi ɗan ƙasar da yake ɗauke da tutarta ne. Sashe na 94, sakin layi na 7, na Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 ya wajabta wa ƙasar tuta ta binciki duk hatsarin da jirginta ya yi a tsakiyar teku idan ya kashe ko ya jikkata 'yan wata ƙasa, ko ya yi mummunar ɓarna ga jiragenta ko ga muhalli. Prestige kamfanin da ya mallake shi a Laberiya aka yi masa rajista, daga Girka ake tafiyar da shi, kamfanin ABS na Amurka ke tantance lafiyarsa, inshorarsa a Landan take, tutarsa kuma ta Bahamas. To tutar ce ta jawo Bahamas.

Bayan Prestige an ƙara ɗaure abin. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta amince da Kundin Binciken Haɗurran Ruwa a 2008, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2010 a ƙarƙashin SOLAS, yarjejeniyar kare rayuka a teku. Kundin ya ce bincike wajibi ne idan ɗaya cikin uku ya faru: jirgi ya salwanta gaba ɗaya, an rasa rai, ko muhalli ya yi mummunan lahani. Abin da bai kai haka ba, an bar wa ƙasa ta duba ko akwai darasin da za a ɗauka. Ya kuma yarda cewa ba ƙasar tuta kaɗai ke da ruwa a maganar ba. Ƙasar da abin ya faru a ruwanta, da wadda mai ya ɓata mata gaɓa, da wadda 'yan ƙasarta suka mutu, duk suna da haƙƙin shiga, kuma ana so su zauna su yarda wa zai jagoranta. Idan an kammala daftarin rahoto, ana aika wa waɗannan ƙasashe, idan sun nema, su yi sharhi cikin kwana 30, kafin a miƙa na ƙarshe ga IMO. Babu abin da ya hana ƙasar gaɓa yin nata daban, shi ya sa a nutsewar jirgin Erika mai tutar Malta kusa da Faransa a 1999 aka samu rahoton Malta da na Faransa.

Ma'aikacin jirgi ma yana da haƙƙi a kundin. Sai an gaya masa wane irin bincike ne, an ba shi damar ganin lauya, an sanar da shi cewa yana iya yin shiru kan abin da zai iya ɗaure shi, sannan a bar shi ya koma jirginsa ko ƙasarsa da wuri. A aikace wannan sashen aka fi takawa.

Wani abu da ɗalibai ke tsallakewa: kyaftin da kansa yana fara ajiye hujja tun kafin kowa ya tambaye shi. Idan jirgi ya sha guguwa ko ana zargin kaya sun lalace, da ya shiga tasha, a al'ada cikin awa 24, yakan je gaban lauya mai hatimin shaida ko ƙaramin jakada ya rubuta takardar ƙorafin teku, ya bayyana irin yanayin da ya gamu da shi, ya kuma ajiye haƙƙin faɗaɗa bayanin daga baya. Ba ta wanke kowa, amma idan babu ita lauyan masu kaya zai tambayi dalili.

Injiniya Mai Ritaya:

Barista ya gama da ɓangaren doka. Bari in ɗauki tambaya ta uku, domin a nan ake cin bincike ko a faɗi.

Mai bincike ba daga abin da ya fi muhimmanci yake farawa ba, daga abin da ya fi saurin ɓacewa yake farawa. Na gaba-gaba shi ne baƙin akwatin jirgi, VDR. Wajibi ne a jiragen fasinja da jiragen kaya masu girman tan 3,000 zuwa sama da ke tafiyar ƙasa da ƙasa. Yana naɗar maganganun ɗakin tuƙi, hirar rediyo, hoton rada, wurin da jirgi yake, gudunsa, inda ya dosa, umarnin da aka ba inji da sitiyari, ƙararrawar gargaɗi, da ko ƙofofin hana ruwa a rufe suke. Tsofaffin akwatunan awa 12 kawai suke riƙewa, sai sabon bayani ya hau kan tsoho. Jirgin da ya shiga matsala da asuba kuma bai nutse ba, idan babu wanda ya danna maɓallin adanawa, kafin washegari bayanin ya tafi. Mutanen da ke fama da ruwa a ɗakin inji ba maɓalli ne a ransu ba, kuma an sha rasa hujja ta haka. Waɗanda aka girka daga 1 ga Yulin 2014 suna riƙe awa 48 a akwatin da ke manne da jirgi, awa 48 a wanda ke ɓallewa ya yi iyo, da kwana 30 a ma'ajiyar ciki. Duk da haka kiran farko da mai bincike ke yi wa jirgi shi ne a adana VDR.

Sai gwajin giya da ƙwaya. A dokar Amurka, na giya cikin awa 2 ake yi, na ƙwaya cikin awa 32. Bayan haka amfanin sakamakon yana raguwa.

Sai mutane. Ana ganawa da su ɗaya bayan ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, tun kafin su zauna a ɗakin cin abinci labarinsu ya narke ya zama ɗaya. Ba ƙarya suke shiryawa ba, haka ƙwaƙwalwa take. Ba a yi wa ƙaramin ma'aikaci tambaya a gaban kyaftin ko wakilin kamfani, kuma idan da tafinta, kada ya zama ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin.

Takardu kuwa suna da yawa: kundin ɗakin tuƙi, na ɗakin inji, lissafin lodi da daidaiton jirgi, awon ruwan da ke tankuna, rahoton awon kaurin ƙarfe na baya, saƙonnin da aka yi tsakanin jirgi da ofis. Akwai kuma takardar hutun ma'aikata. Ƙa'ida ita ce hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 cikin kwana 7. Takardar kusan kullum lafiya lau take nunawa, don haka ba a yarda da ita ita kaɗai. Sai a ɗora ta kan kundin shiga da fita tasha: idan ta ce mutum yana barci ƙarfe 3 na dare, kundi kuma ya nuna shi ne a gaban jirgi yana karɓar igiya a wannan lokacin, an gane inda aka dosa.

Wani tarko da ke kama sababbin masu bincike shi ne agogo. VDR da lokacin duniya yake aiki, agogon jirgi da lokacin yankin da ake ciki, na'urar da ke rubuta gargaɗin inji kuma tana iya yin gaba ko baya da 'yan mintoci. Idan ba a daidaita su da wani abu guda da ya bayyana a dukkansu ba, kamar lokacin da wuta ta ɗauke, sai a rubuta cewa inji ya mutu kafin ruwa ya shiga alhali ruwan ne ya kashe shi.

Ƙarfe shi ne na ƙarshe domin shi ya fi jira. Ana yanko wurin da ya tsage a kai ɗakin gwaji. Tsagewar da ta daɗe tana cin ƙarfe a hankali tana barin layuka-layuka a fuskar karayar, da tsatsa a tsohon sashen, wadda ta faru farat ɗaya kuma fuskarta sabuwa ce. Ana auna kaurin da ya rage a kwatanta da na ranar da aka ƙera jirgin.

Ga abin da irin wannan aiki ke fitarwa. MSC Napoli, jirgin kwantena mai tutar Birtaniya, ya tsage ta wajen ɗakin inji a mashigin ruwan Ingila ranar 18 ga Janairun 2007. Hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta gano cewa ƙa'idar ƙira ta lokacin da aka yi jirgin ta tilasta lissafin jurewar lanƙwasa ne a tsakiyar jirgi kawai, ba ta kai wajen ɗakin inji ba, kuma nan ne ya gaza. An duba jirage sama da 1,500 masu kama da shi, aka samu 12 da ke buƙatar gyara. An kuma auna kwantena 660 da ke saman jirgin, 137 daga ciki nauyinsu ya saɓa wa na takarda da fiye da tan 3. Wannan na cikin abin da ya kai ga dokar da ta fara aiki a Yulin 2016, cewa ba a loda kwantena sai an tabbatar da nauyinta. Babu kotun da za ta tono wannan, domin ba laifin wani mutum guda ba ne.

Jirgin kaya El Faro kuma ya nutse a guguwar Joaquin ranar 1 ga Oktoban 2015 da mutum 33, babu wanda ya tsira ya ba da labari. Sai a Agustan 2016 aka ciro akwatinsa daga zurfin kusan mita 4,600, da awa 26 na maganganun ɗakin tuƙi. Da shi aka tabbatar cewa kyaftin ya dogara da hasashen yanayin da ya tsufa da awanni, cewa ruwa ya shiga ta wata ƙaramar ƙofa da ke buɗe, kuma karkatar jirgin ta sa famfon man shafawa ya daina zuƙa har inji ya tsaya.

Ɗalibar Shari'a:

Na gode Barista, na gode Baba Injiniya. Saura guda. Duk wannan jirgi da ma'aikatansa ake bincika. Ita ƙasar da jirgi ya roƙi mafaka ta ce a ja shi waje, wa ke bincikarta? Kuma tana da ikon hanawa tun farko?

Lauyan Ruwa:

Malama, nan ne dokar ta fi rauni.

A tsohuwar al'adar teku, jirgin da ke cikin haɗari yana da haƙƙin shiga tasha mafi kusa, kuma ba a kama shi da dokokin kwastan kamar wanda ya zo da ƙafarsa. Sai dai hukuma na da ikon bincikar ko haɗarin gaskiya ne, domin masu fasa-ƙwauri sun daɗe suna fakewa da shi. Tun 1809, a shari'ar jirgin Eleanor, alƙalin kotun ruwa ta Ingila Lord Stowell ya kafa ma'auni: larurar ta zama mai tsanani, kada ya zama mai jirgin ne ya jawo wa kansa, misali ya fita da guzurin da bai isa ba, kuma nauyin kawo hujja a kan mai da'awa yake.

Abin da ya canja shi ne jirgi mai saukar ungulu. Da, ceton rai da ceton jirgi abu ɗaya ne. Yanzu ana iya kwashe mutane a bar jirgi da tan dubbai na mai. Wajibcin ceton rai yana nan daram, amma da zarar an kwashe mutane, ƙasa na iya cewa ta sauke nauyinta. Babbar kotun Ireland ta tabbatar da haka a shari'ar jirgin Toledo a 1995: idan dukiya ce kawai a haɗari, ƙasa na iya hana shiga in tana da dalili mai ƙarfi na tsoron cutuwa.

Prestige ya yi kiran neman agaji ranar 13 ga Nuwamban 2002 kusa da yankin Galisiya na Sifaniya, da kimanin tan 77,000 na baƙin mai, gefensa na dama ya buɗe, ya karkata sosai. An kwashe mutum 24 cikin 27, kyaftin Apostolos Mangouras da mataimakinsa da babban injiniya suka zauna. Kamfanin ceto ya nemi a kai jirgin wuri mai lafawa a kwashe man, Sifaniya ta ce a ja shi nesa. Kwana shida ana jan jirgi mai rauni cikin igiyar ruwa, ranar 19 ya rabe biyu ya nutse kimanin kilomita 250 daga gaɓa, a zurfin da ya haura mita 3,500. Man da ya zuba ya kai kimanin tan 63,000, ya kuma bazu har gaɓar Faransa. Rahoton Bahamas na 2004 bai iya tsayar da takamaiman abin da ya fara fasa gefen jirgin ba, amma ya soki hana shi mafaka.

Kyaftin kuwa da ya taka ƙasa aka kama shi, ya yi kwana 83 a tsare, aka sa belinsa Yuro miliyan 3. Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ce a 2010 belin bai wuce gona da iri ba. An gurfanar da shugaban hukumar jiragen kasuwanci ta Sifaniya na lokacin, José Luis López-Sors, don haka ba za a ce ba a taɓa ɓangaren gwamnati ba, amma kotu ta wanke shi a 2013. Kyaftin an same shi da laifin ƙin bin umarni, sannan a 2016 Kotun Ƙoli ta yanke masa shekara biyu kan ɓata muhalli. A ganina matsalar ke nan: ƙasar da ta yanke shawarar ita ce mai ƙara, kotunanta ne ke hukunci, rahoton ƙasar tuta kuma ba ya ɗaure kowa.

IMO ta fitar da jagorar mafaka a Disambar 2003. Ba ta tilasta wa ƙasa buɗe tasha ba. Ta ce a tura ƙwararru su hau jirgin in zai yiwu, a auna lafiyarsa, irin kayansa, yawan mansa, nisan mafaka, yanayi, inshora, ko akwai kamfanin ceto a kai, sannan a kwatanta haɗarin shigo da shi da haɗarin barinsa a waje. Amfaninta ga mai bincike shi ne yanzu akwai ma'aunin da zai tambayi ƙasa da shi: wa ya yanke shawara, da wane bayani, an hau jirgin ko daga ofis aka yanke?

Birtaniya ta bi wata hanya tun 1999, bayan hatsarin Sea Empress. Ta naɗa jami'i guda mai wakiltar minista, wanda ke yanke hukunci a irin wannan hali ba tare da 'yan siyasa sun sa masa baki ba yayin da ake cikin aikin. Shi ne ya sa aka tura MSC Napoli da gangan ya kafe a rairayin gaɓar Branscombe ranar 20 ga Janairun 2007 da aka ga ba zai kai tashar Portland ba. Mutanen yankin ba su ji daɗi ba, amma an kwashe mafi yawan mansa.

Tsohon Jami'in Tasha:

Barista, ina tare da kai a kan Prestige, amma kada Malama ta tafi da fahimtar cewa duk ƙasar da ta hana mafaka ta yi kuskure. Jirgin Castor, wanda ya tsage a Bahar Rum a ƙarshen 2000, fetur kusan tan 29,500 yake ɗauke da shi. Ƙasashe da dama sun ƙi shi, ya yi kusan kwana 40 ana jan sa kafin a kwashe kayan a teku. An soki ƙasashen, amma jami'in da ke da gari a bayan tasharsa, aka ce masa ga jirgin fetur da tsaga a doronsa, tsoron fashewa da ya ji ba shirme ba ne. Abin tambaya a bincike shi ne ko an yi awon haɗarin da gaske. MSC Flaminia ya kama wuta a Atlantika a Yulin 2012, mai tutar Jamus ne, a ruwan Turai yake neman mafaka, jagorar IMO tana nan, amma sai 9 ga Satumba ya shiga tashar Wilhelmshaven ta Jamus.

Ɓangaren ƙasar tuta ma ba wankakke ba ne. Hukumar da ta yi wa jirgi rajista, ta karɓi kuɗinsa, ta amince da takardunsa, idan ita ce kuma za ta rubuta rahoto, da wuya ta rubuta cewa sakacinta na ciki. Shi ya sa Birtaniya ta kafa MAIB a 1989, bayan kifewar Herald of Free Enterprise da ta ci rai 193, a matsayin hukuma dabam da mai sa ido kan jirage. Tarayyar Turai ta wajabta wa mambobinta irin wannan rabuwar a 2009, ta kuma sa wa'adin wata 12 na fitar da rahoto, in bai kammala ba a fitar da na wucin gadi. Najeriya ma ta bi sahu da dokar 2022 da ta kafa NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar binciken haɗurran jiragen sama, aka ƙara mata ruwa da jirgin ƙasa, hukumar kula da jiragen ruwa, NIMASA, kuma ta ci gaba da rajista da sa ido.

Malama, idan kika samu rahoto a hannu, duba abu uku kafin ki karanta abin da ya gano: wace hukuma ce ta rubuta kuma me ya haɗa ta da jirgin, an samu bayanin VDR ko an rasa, sannan shawarwarin da ke ƙarshe wa aka aika wa. Idan duk a kan kyaftin da ma'aikata suka tsaya, babu ko ɗaya ga kamfani, ko mai tantance jirgi, ko hukumar gaɓa, nemi rahoton ɗaya ƙasar ki haɗa su.